AIKIN HATIMI BAYAN KAKA

Idan kaka ta yi, an yanke gero, an girbe dawa, an cire gyaɗa, sai aikin gona ya yi sauƙi. Daga nan har faɗuwar ruwa akwai watanni da dama. Waɗansu su kan tafi cin rani. Waɗansu kuwa su kan zauna gida, ba su da abin yi sai hira a gindin bishiya. Abin da ke cikin rumbu yana raguwa, ba a ƙara kome a kai. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya.

Akwai wata sana'a ƙarama wadda mutum zai iya koya cikin 'yan kwanaki. Ba ta bukatar jari mai yawa. Namiji zai iya, mace za ta iya, yaro mai wayo ma zai iya in babba yana kusa. Ita ce yin hatimi, da buga zane da shi a kan takarda, ko yadi, ko buhu, ko fata.

1. Mene Ne Hatimi?

Hatimi wani abu ne da aka sassaƙa zane ko rubutu a fuskarsa. In an shafa masa tawada an danna a kan takarda, sai zanen ya fito. In an sāke dannawa, ya sāke fitowa daidai da na fari. Amfaninsa ke nan. Sau ɗaya za ka sha wahalar zane, amma ka buga shi sau ɗari.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Sarakunan Barno da na Sakkwato sun kasance suna buga hatimi a kan wasiƙunsu, don wanda aka aika wa ya tabbata daga gare su ta fito. A ƙasar Jamus, wajen shekarar 1450, wani mutum mai suna Johannes Gutenberg ya zuba haruffa na ƙarfe, ko wane harafi dabam, ya jera su, ya buga littattafai da su. Ko wane harafi ɗan ƙaramin hatimi ne.

A ƙasar Ghana kuma, mutanen Asante suna da wani zane da su ke kira adinkira. Da sakaina su ke yin hatiminsa. Su kan dafa ɓawon wani itace har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri, sa'an nan su tsoma hatimin su buga a kan yadi, layi bayan layi. Garin Ntonso, kusa da Kumasi, ya yi suna a wannan aiki. A shekarar 1817 wani Bature, Thomas Bowdich, ya sami irin wannan zane a Kumasi ya kai shi Ingila. Yana ajiye a babban gidan kayan tarihi na birnin Landan.

2. Robar Soso

Ana iya yin hatimi da abubuwa da yawa. Na rogo ko dankali yana da sauƙin yanka, amma kwana ɗaya ko biyu ya yanƙwane. Na sakaina yana daɗewa, amma sai mai hannu ya iya sassaƙa shi. Na ƙarfe ya fi duka ƙarko, amma sai an je wurin maƙeri.

Akwai wani abu da ya haɗa sauƙi da ƙarko, watau robar soso. Kun san ta. Irinta ce a ke yin yawancin silifa da ita. Masana'antu suna yin ta falle-falle kamar takarda, launi iri iri, don aikin hannu. Kaurin falle ɗaya ya kan zama milimita 2, watau kamar kaurin tsinken ashana. Akwai kuma mai kauri fiye da haka.

A Amurka da Ingila 'yan makaranta da matan gida suna aiki da ita ƙwarai, tun ba daga watan Satumba zuwa Nuwamba ba. A lokacin nan ganyayen itatuwansu su kan zama ja da rawaya kafin su zube. Sai su yanka robar kamar ganye, ko kamar kabewa, su buga a kan kati da labule da ƙyallen tebur, don murnar amfanin gona. Watannin nan kuwa su ne kakarmu. Mu ma muna da abin zanawa: zangarniyar gero, da kan dawa, da kwanson gyaɗa, da kubewa.

Wanda bai sami falle na sayarwa ba kada ya damu. Tsohon silifa da ya tsinke ya isa. Ka wanke shi da sabulu, ka bar shi ya bushe, ka zaɓi inda ya fi sumul.

Halin robar nan uku ne, ku riƙe su. Na ɗaya, tana yankuwa da almakashi ko reza. Na biyu, in ka danna ta da tsinin biro, wurin ya kan lotsa ya zauna haka. Na uku, in ta ji ɗumi ta kan yi taushi, ta ɗauki siffar abin da aka danna mata, in ta huce ta riƙe siffar.

3. Kayan Aiki

Ga abin da za ka tanada:

Robar soso, ko tsohon silifa.
Almakashi da sabuwar reza.
Fensir, da biro wanda tawadarsa ta ƙare.
Farar takarda marar kauri.
Guntun katako mai sumul, ko murfin kwalba, don mariƙi.
Gam mai ƙarfi, ko sholisho irin na masu faci.
Murfin gwangwani da tsumma mai tsabta.
Madubi ƙarami.

4. Yadda A Ke Yin Hatimin Ganye

Ku fara da ganye, don shi ya fi sauƙi. Ganyen gwaba yana da kyau, gama jijiyoyinsa sun fito sosai.

Ka shimfiɗa ganyen a kan robar, ka bi gefensa da fensir. Ka ɗauke ganyen, ka yanke robar a kan layin. Sa'an nan ka ɗauki biro, ka ja babbar jijiya daga gindi zuwa kai, kana dannawa da ƙarfi. Ka ja ƙananan jijiyoyi dama da hagu. Ka maimaita ko wane layi sau biyu ko uku, don ya yi zurfi.

To, ku lura da wannan, don shi ne gindin aikin duka. Inda ya tashi, shi ke ɗaukar tawada. Inda ya lotsa, tawada ba ta kai can. Sabo da haka in ka buga, jikin ganyen zai fito da launi, jijiyoyin kuwa su fito fari. Duk abin da ka ke so ya fito fari, lotsa shi ko ka yanke shi. Duk abin da ka ke so ya fito da launi, bar shi.

Da ka gama, ka shafa gam a bayan robar da fuskar katakon. In sholisho ne, ka dakata kaɗan har ya daina jiƙa yatsa, sa'an nan ka haɗa su. Ka danne da dutse har gobe. Ka sa alama a bayan katakon wadda za ta nuna maka sama, don kada ka buga zane a kife.

5. Aiki Da Ɗumi

Akwai wata hanya ta sa zane a jikin robar ba tare da ka zana da hannu ba. Ka sa dutsen guga ya yi zafi, amma ba ƙwarai ba. Ka shimfiɗa farar takarda a kan robar, ka ɗora dutsen gugan na ɗan lokaci kaɗan, kamar ka ƙirga 10. Ka ɗauke. Maza, tun ba ta huce ba, ka danna fuskar robar a kan wani abu mai zane a jikinsa, kamar saƙar tabarma, ko faifai, ko buhun algarara, ko mabuɗi, ko haƙoran matsefi. Ka riƙe da ƙarfi, ka ƙirga 30. In ka ɗaga za ka ga saƙar ta zauna a jikinta.

In bai yi maka kyau ba, ka sāke ɗumama ta. Yawancin lotsawar za ta tashi, ka sāke gwadawa.

Amma ga gargaɗi. Kada ka sa robar cikin wuta, kada ka kanga ta a harshen fitila. Tana kamawa, tana narkewa ta manne a fatar mutum, hayaƙinta kuma yana cutar ƙirji. Ka yi wannan aiki a waje ko bakin ƙofa, inda iska ke kaɗawa. Haka kuma sholisho, kada ka buɗe shi kusa da wuta. Reza da dutsen guga ba na yara ba ne. Ƙananan yankakkun roba kuwa ka tattara su, kada jinjiri ko akuya su haɗiye.

6. Hatimin Suna

Nan ne wanda ya iya karatu zai ci ribar karatunsa. Amma nan ne kuma mutane da yawa su kan yi ɓarna.

Hatimi yana juya abu, kamar yadda madubi ke yi. Abin da ke dama a fuskarsa, a hagu zai fito. In ka rubuta MUSA a kan robar yadda ka saba, ka buga, harafin A ne zai zo farko, M ya koma ƙarshe, S kuma ya juya baya. Sabo da haka a fuskar hatimi dole rubutun ya tashi daga dama zuwa hagu, kamar na ajami, ko wane harafi kuma a juye.

Waɗansu haruffa ba su sākewa ko an juya su, kamar A, H, I, M, O, T, U, W, Y. Waɗansu kuwa suna sākewa, kamar B, D, K, N, R, S, Z. A ƙananan haruffa abin ya fi haka, gama b in ta juya ta zama d, d kuma ta zama b. Kun ga wanda ya so ya buga "bara" sai a ga wani abu dabam. Don haka ku yi hatimi da manyan haruffa.

Ga dabarar da ba ta kuskure. Ka rubuta sunanka a kan farar takarda yadda ka saba, da fensir, ka cika haruffan su yi kauri su yi baƙi. Ka kifa takardar a kan robar, rubutun yana duban robar. Ka goga bayan takardar da cokali. In ka ɗaga, za ka ga baƙin fensir ya koma kan robar a juye. Sai ka bi shi ka yanka. Kafin ka manna, ka nuna wa madubi. In ka iya karanta sunanka daidai cikin madubi, to, zai fito daidai a takarda.

Kada haruffan su yi ƙanana. Tsawon inci ɗaya ya yi don takarda. Don buhu kuwa, inci 3 ko 4.

7. Tawada Da Fenti

Tawadar allo, wadda a ke yi da gawayi da ƙaro, ta yi don takarda. Ka bar ta da ɗan kauri. Amma kun san da ruwa a ke wanke allo. Sabo da haka in ka buga ta a kan yadi, wanki ɗaya ta tafi.

Don yadi, ka nemi fentin yadi a wurin masu sayar da kayan zane. Don buhu, fentin mai irin na ƙofa ya isa.

Akwai kuma baƙi wanda za ka iya yi a gida. Ka jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan tsamiya har mako guda ko fiye. Ka daka bagaruwa, ka dafa, ka tace. Ka tsoma farin yadin auduga cikin ruwan bagaruwar, ka shanya. Sa'an nan ka kaurara ruwan tsatsan da ɗan ƙaro, ka buga da shi. Duk inda ruwan ƙarfe ya taɓa bagaruwa, wurin zai zama baƙi. Dalilin da ya sa kuloko na dukawa ya ke baƙanta fata ke nan, gama da bagaruwa aka jeme ta.

Kada ka tsoma hatimi cikin fenti. Ka ninka tsumma cikin murfin gwangwani, ka zuba fenti kaɗan ya tsotse, sa'an nan ka riƙa danna hatimin a kai. Fenti in ya yi yawa ya kan cika ramukan, zanen ya dagule.

8. Bugawa

In sabon yadi ne, ka wanke shi tukuna don sitacin ya fita, ka goge shi. Ka shimfiɗa bargo a kan tebur ko daɓe mai sumul, ka shimfiɗa yadin a kai. Ka sa tsohuwar takarda a ƙarƙashinsa, don kada fenti ya ratsa. Ka ja layuka da alli, ko ka ɗaure zare, don zanen ya tafi a miƙe.

Kullum ka fara gwadawa a kan tsumma. In ya yi, sai ka koma kan yadin. Ka sauke hatimin a miƙe, ka danna da tafin hannu, kada ka murza, ka ɗaga shi a miƙe. Ko wane bugu, ka sāke ɗaukar fenti. Ka fara daga sama ka sauko, don kada hannunka ya shafi ɗanye.

Ka shanya a inuwa, inda ƙurar hunturu ba ta kai. In fentin yadi ne, bayan ya bushe sarai ka goge shi ta baya da dutsen guga, don ya kama. Ka goge hatiminka tun fentin bai bushe a kai ba, ka ajiye shi inda rana ba ta dūka.

9. Zane Mai Tudu

Akwai zanen da ba ya bukatar tawada, sai dai ya taso ko ya lotsa, har makaho ya ji shi da yatsa. A nan robar soso matashi ce. Ka yanke gwangwanin lemo marar kauri da almakashi, ka miƙe shi, ka lanƙwashe bakinsa don kaifi. Ka ɗora shi a kan robar, ka zana ta bayansa da biro. Robar za ta ba da wuri, ƙarfen ya lotsa bai huje ba. In ka juya, zanen ya taso. Da yake ta baya ka ke yi, rubutu a juye za ka yi shi. Ana ƙawata akwati ko bakin madubi da wannan.

Fata kuwa ta fi ƙarfin hatimin roba. Sai na ƙarfe. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun dā. Fatake sun riƙa ratsa Sahara da ita zuwa bakin Bahar Rum, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe zane sosai. Ka shafa mata ruwa kaɗan, ka jira har launinta ya kusa komawa yadda ya ke. Ka shimfiɗa ta a kan dutse mai sumul, ka kafa ƙarfen, ka buga sau ɗaya da guduma ta itace. In ta jiƙe da yawa zanen ba zai fito da kaifi ba. In ta bushe ƙwarai ba zai shiga ba. Wanda ya ke son wannan aiki, ya je ya zauna wurin baduku. Gani ya kori ji.

10. Amfaninsa

Na fari, alama a kan buhu. In buhunanka sun shiga mota ɗaya da na mutum goma, ko sun kwana a sito, sunanka a jikinsu zai raba gardama.

Na biyu, abin sayarwa. Rigar matashin kai, labule, jakar yadi, bakin zanen gado, bangon littafi, katin gayyatar biki. Macen da ke yin ƙuli-ƙuli ko sabulu za ta iya buga alamarta a 'yar takarda ta manna a bayan ƙunshin, don mai saye ya san nata. Amma kada fenti ya taɓa abinci, ko cikin ƙwaryar da a ke ci a ciki.

Kafin ka yanka wa kayanka kuɗi, ka rubuta abin da ka kashe: yadi, fenti, gam, kuɗin mota. Ka haɗa, ka raba da yawan kayan da ka yi. Sa'an nan ka ƙara ladan aikinka. Wanda bai yi lissafi ba zai iya sayar da kayansa duka, ya dawo gida yana murna, alhali uwar kuɗin ya ci. Ka fara da kaɗan, ka kai kasuwa, ka ga wanda mutane suka fi so.

11. Abin Kiyayewa

Hatimin sunanka kamar sa hannunka ya ke. In wani ya ɗauka ya buga a kan takardar bashi, ko ta jinginar gona, kai za a nema, kuma fitar da kanka sai da wahala. Sabo da haka ka kulle shi cikin akwati. Kada ka ba da aronsa, ko ga aboki. Kada ka buga shi a kan farar takarda wadda ba a rubuta kome ba tukuna. Kada ka buga shi a kan takardar da ba ka karanta da kanka ba, tun daga sama har ƙasa.

In hannunka ya faɗa, wata rana wani zai zo ya ce ka yi masa hatimi irin na hakimi, ko na asibiti, ko na makaranta, ko na wani kamfani. Zai ce abu kaɗan ne, zai ba ka kuɗi mai yawa. Ka ƙi. Wannan jabu ne, laifi ne a shari'a, ana ɗaure mai yi da wanda ya sa shi. Ka yi alamarka ta kanka, ka yi wa maƙwabcinka tasa, ka tsaya nan.

Mako mai zuwa kowa ya zo aji da tsohon silifa wankakke, da ganye ɗaya, da sunansa a rubuce da manyan haruffa.

TAMBAYOYI

1. Faɗi hali uku na robar soso.
2. A fuskar hatimi, ina ne ke ɗaukar tawada, inda ya tashi ko inda ya lotsa?
3. Don me a ke duba hatimin suna cikin madubi?
4. Rubuta sunanka da manyan haruffa. Waɗanne ne cikinsu za su sāke in an juya su?
5. Me ya sa tawadar allo ba ta yi don yadi ba?
6. In layi ɗaya yana ɗaukar bugu 12, layi 8 zai ɗauki bugu nawa?
7. Faɗi takarda iri biyu waɗanda ba za ka buga musu hatiminka ba.